Idan Agwagwa Ta Mutu a Tsakar Gida, Dubi Yaronki



Yau zancen dabbobin gida za mu yi: kyanwa, ko mussa kamar yadda ake cewa a nan yamma, da karen gadi, da kaji da agwagi, da akuyar nan da ke ɗaure a bayan ɗaki. Na san wata za ta ce, "Malama nas, ke da aikinki allura da awon ciki, me ya haɗa ki da asibitin dabbobi? Mu da kuɗin maganin yara ke gagararmu, sai mu ɗauki kyanwa mu kai ta ganin likita?" Kina da gaskiyar tambaya, 'yar'uwa. Amma don yaran ne nake so ki san hanyar asibitin dabbobi. Dabbar gidanki ƙasa ɗaya take takawa da mai rarrafenki, ruwa ɗaya suke sha, kuma sau da yawa ita cuta ke fara kayarwa kafin ta iso kan yaro.

Agwagin da ba a tambayi dalilin mutuwarsu ba

Duk wadda ta fito daga yankin Anka, Bukkuyum da Gummi ba sai an ba ta labarin shekarar 2010 ba. A farkon shekarar, agwagi suka riƙa raguwa a ƙauyukan da ake aikin zinare. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Agwagwa ce dai, ta mutu, an jefar. Sai daga baya, da masu bincike suka zo suna bi gida-gida suna tambaya, aka tuna cewa lallai agwagin sun riga yaran tafiya.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara ƙanana suna mutuwa da yawan da ya wuce hankali. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Da aka gwada jinin yaran, sai aka gano gubar dalma ce.

Ga yadda ta shigo gidaje. Farashin zinare ya tashi, maza suna haƙo dutse su kawo gida, a farfasa, a kai injin niƙa ko a daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a ƙasa, a kwanon abinci, a bakin rijiya, da kududdufin da ake wanke garin dutsen. Yaro mai rarrafe, hannunsa daga ƙasa sai baki. Agwagwa ita ma aikinta ke nan, tsintar tsakuwa da tonon taɓo da baki, don da tsakuwar take niƙa abinci a ƙundunta. Ta fi kowa haɗiyar ƙasar, ga ƙaramin jiki, shi ya sa ta riga faɗuwa.

Kimanin yara 400 aka rasa. A Dareta da 'Yargalma, binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna cewa cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a shekara guda. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a waɗannan garuruwa biyu, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza. Bagega kuwa aikin bai kai gare ta ba sai 2013. Dubban yara aka yi wa maganin da ke janye dalma daga jini, kuma MSF ba ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha ba sai 2022. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A garin Minamata na ƙasar Japan, kafin likitoci su tabbatar da wata sabuwar cuta a jikin mutane a 1956, kyanwoyin garin ne suka fara tangaɗi kamar masu rawa, suna faɗuwa suna mutuwa. Kifin da suke ci, wanda mutanen garin ma shi suke ci, ya gurɓata da zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku. Ki lura, zaiba ce masu aikin zinare a yankinmu ke amfani da ita wajen kama zinare.

Har yanzu ana haƙar zinare a Zamfara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan, ɗan'uwan naki shi ne agwagwar tsakar gida.

Alamun da ba a yi musu shiru

Kaza ɗaya ta mutu, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ke son a miƙe tsaye shi ne:

Kaji ko agwagi su riƙa mutuwa a jere cikin 'yan kwanaki, a gidanki da na maƙwabta.

Agwagwa ta saki fukafukai, ta kasa tafiya, tana zawo kore.

Saniya ko akuya ta makance farat ɗaya, tana dalalar da yawu, tana cizon haƙora, tana tokare kanta da bango.

Kare ko kyanwa ta yi amai, ta daina cin abinci, sai jijjiga.

Waɗannan na cikin alamun gubar dalma a jikin dabba, kodayake wasu cututtukan ma na kawo irinsu. Shi ya sa ba ke za ki yanke hukunci ba, aikin likitan dabbobi ne. Naki shi ne ki sanar da shi, sannan ki waiwayi yaranki. Akwai mai kukan ciwon ciki? Akwai wanda ya daina wasa, ya cika fushi ko yawan barci? Idan ana aikin dutse a gidan ko a unguwar, ki kai su asibiti, ki gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa dabbobinku na mutuwa kuma ana niƙa dutse kusa da ku. Wannan jimla ɗaya na iya sa ya nemi gwajin dalma maimakon ya tsaya kan maganin zazzaɓi. Mu ma'aikatan jinya ba mu ga tsakar gidanki ba, abin da kika faɗa mana da shi muke aiki.

Akwai kuma ɗabi'ar nan tamu ta "a yi maza a yanka kafin ta mutu." Na san asara da ciwo, musamman idan akuyar ita ce jarin uwargida. Amma dabbar da guba ta kayar, gubar na taruwa a hantarta da ƙodarta, kazar da ta haɗiyi dalma kuma tana iya sa ta a ƙwanta. Wuta ba ta kashe dalma, ko da an kwana ana dafawa. Haka nan dabbar da ta faɗi matacciya ba tare da jinya ba, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya kuma ya ƙi daskarewa, kar a feɗe ta, kar yara su taɓa. Alamar cutar antiraks ke nan, wadda hukuma ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, kuma tana kama mutum ta hanyar fata da nama.

Karen gadi da allurar shekara-shekara

A halin tsaron da yankinmu ke ciki, gidaje da yawa sun ajiye kare, ga na mafarauta da na makiyaya. Mu kuma ba mu saba jan kare a jiki ba, don haka sau da yawa a zuba masa sauran tuwo kawai, ba a san lafiyarsa ba. Manya na nesa da shi, amma yara su ne abokan wasansa, su ne masu jifansa, su ne yake cizo.

Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, akasari a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar. Daga wurin cizon take bin jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, ya riƙa firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya. Idan aka kai nan, babu asibitin da ke da magani, sai dai addu'a. Na faɗi haka ne don ki san darajar kwanakin farko, saboda a cikinsu rigakafin na aiki sosai. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa bayan kare ya cije shi, yaron ya rayu.

Idan kare ko kyanwa ta ciji yaronki, ko ta yaƙushe shi har fata ta buɗe:

Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Ki duba agogon wayarki, don minti 15 sun fi yadda kike zato tsawo. Wannan wankin kaɗai na rage haɗarin ƙwarai.

Kar ki sa barkono, ko toka, ko gashin karen, kar ki ɗaure wurin tamau.

Ki kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Allurar ba sau ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, da ta kwana uku, da ta kwana bakwai, da yadda ma'aikacin lafiya ya tsara miki. Kar a fasa ko ɗaya. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa.

Idan an san karen, a tsare shi a wuri ɗaya, a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10, a kira malamin dabbobi. Amma kar a jira kwana goman kafin a fara wa yaro allura. Idan kuma an riga an kashe karen, kar a jefar, a sanar da likitan dabbobi, don ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a san gaskiya.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka, kuma a hannunki yake. Yara da yawa na ɓoye cizo don tsoron duka: an hana shi zuwa wurin karen, ya je, an cije shi, sai ya ja wando ya rufe. Ki zaunar da yaranki yau ki ce musu, "Duk wanda kare ko mussa ta ciza ya zo ya gaya mini, ba zan dake shi ba." Kuma ki cika alkawarin.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce a yi wa karen kansa allura. Ana fara ta yana ɗan wata uku, a maimaita duk shekara, haka ma kyanwa. Allurar dabbar ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba. A nan gida Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, na haɗa alluran rigakafin dabbobi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, cutar na yankewa a garin. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a irin lokacin sau da yawa ana yin allurar kyauta. Ki kasa kunne ga rediyo, ki tuna wa maigida.

Mussar cikin ɗaki

Kyanwa ta fi kowace dabba kusa da mu. Tana hawa gado, tana kwana kusa da jariri, kuma tana mana aiki babba, don ita ke rage ɓeraye a rumbu da ɗakin girki. Abu uku nake so ki riƙe game da ita.

Na farko, tsutsar ciki. Kyanwa da kare na zubar da ƙwan tsutsa a kashinsu, a cikin yashin da yara ke wasa. Maganin tsutsa duk bayan wata uku, bisa awon da likitan dabbobi ya ba ki, yana kare dabbar da yaran gaba ɗaya.

Na biyu, makero. Idan kika ga gashin kyanwa na zubewa a zagaye, fatar ta yi fari-fari, sannan kika ga irin wannan tambarin a kan yaronki ko a wuyansa, to ciwo ɗaya ne. In aka yi wa yaro magani aka bar kyanwar, zai dawo.

Na uku, ga masu juna biyu. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa wadda ke iya cutar da ɗan tayi. Wannan bai sa a kori kyanwar ba. A bar wani ya riƙa kwashe kashin kullum, don ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum. Ke kuma ki wanke hannu bayan aikin ƙasa, ki wanke ganye da kyau, ki dafa nama ya dahu.

Don Allah kar ki ba kyanwa farasitamol. Na san tausayi ke sa a gutsura mata daga na yara idan an ga ta kwanta, amma hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin feshin gona ko na sauro ma ba a wanka wa dabba da shi don kashe kaska ko ƙuma. Yana shiga ta fata, kuma yaron da zai rungume ta an jima shi ma zai kwasa. Haka kafso ɗin mutane da ake farkewa a zuba wa kaji a ruwa: maganin na zama a ƙwai da nama, iyali su ci, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da yaro ke bukatarsa ya ƙi aiki. Duk maganin da aka ba akuya mai nono ko kaza mai ƙwai, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon ko a ci ƙwan.

Yadda za ki amfana da asibitin dabbobi

Wasunmu na zaton asibitin dabbobi na masu garken shanu ne kawai, ko na masu kuɗin da ke ajiye karnukan Turawa a birni. Ba haka ba ne. Mai akuya ɗaya da mai kyanwa ɗaya suna da haƙƙi a cikinsa. Ana allurar rigakafi, ana ba da maganin tsutsa, ana ɗinke rauni, ana taimakon dabbar da haihuwa ta zo mata da gardama, ana yi wa kare ko kyanwa aikin hana haihuwa don kar 'ya'ya su yi yawa a riƙa zubar da su a bola. Abin da ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Na san daga ƙauye zuwa Anka, Gummi ko Gusau tafiya ce, kuma ba kullum hanya ke da aminci ba. To ba a fafe gora ranar tafiya. Tun dabba na lafiya, a sa maigida ko babban ɗanki ya tambayi inda ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku yake, ya karɓo lambar wayar malamin dabbobin da ke zagaya yankinku, ki ajiye ta a wayarki kusa da ta ungozoma. Wayar nan da kike karanta ni da ita kayan aiki ce: ki ɗauki hoto ko gajeren bidiyon dabbar daga nesa ki tura masa. Yadda take tafiya da yadda take numfashi na gaya masa abu mai yawa.

Kafin ki kira, ki shirya amsar waɗannan, don su zai tambaya: Yaushe ta fara? Guda nawa suka kamu, nawa suka mutu? Me take ci, ina take shan ruwa? An sayo sabuwar dabba daga kasuwa kwanan nan? Akwai tsohon batir, ko maganin ɓera, ko garin dutse a inda take kiwo? An riga an ba ta wani magani? Akwai mutum mara lafiya a gidan?

In za a kai kyanwa, a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba a buhu ba. Kare a sa masa igiya, kuma babba ne zai kai shi, ba yaro ba. Karen da ya canza hali, yana dalala, yana cizon duk abin da ya gani, ko wanda ya yi laushi muƙamuƙinsa ya saki, kar kowa ya kusance shi, kar a sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. A janye yara, a rufe ƙofa, a kira likita. Bayan an yi allura kuma, ki karɓi katin ki adana tare da katin rigakafin yara. Ranar da karenku ya ciji ɗan maƙwabta, katin nan zai kwantar da hankalin gida biyu.

Kafin mu rabu, mu tuna cewa dabbar da muka ajiye amana ce. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ga lada, ga kuma tsaron lafiyar 'ya'yanmu.

Aikin wannan makon guda uku ne, uwargida: ki nemo lambar malamin dabbobi, ki tambayi yaushe aka yi wa karenku ko kyanwarku allura ta ƙarshe, ki yi wa yara alkawarin nan na ba duka. Idan kuma ana aikin dutse a gidanku, ki roƙi maigida a fitar da shi bayan gari, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro. Mai tambaya ta ajiye ta a ƙasa, zan amsa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare mu da abin da muka mallaka. Wassalam.